Wa Ya Jawo Hamada? Yadda Amsar Ta Sauya da Masana Suka Fara Sauraron Juna

Duk shekara idan damina ta kankama aka fito bikin dashen itatuwa, da wuya a watse ba a ji wani babban jami'i ya ce hamada na cin ƙasarmu da fiye da rabin kilomita a shekara ba. Daga nan sai a lissafo masu laifi: manomin da ke sassabe, makiyayin da dabbobinsa ke cinye tsiro, da matar gidan da ke hura wuta da itace. Maganar ta zauna a kunnen jama'a har ba mai tambayar inda aka auna, balle wanda ya auna. Alhali kuwa ta kai kimanin shekara 90 ana yin ta, kuma masu bincike sun yi mata gyara mai yawa tun daga lokacin. Babu fannin ilimi guda da ya iya gyaran shi kaɗai. Sai da masanin yanayi, da masanin tarihi, da mai awon ƙasar noma, da mai karanta hotunan tauraron ɗan Adam, da mai zama a ƙauye yana sauraron dattawa suka baje sakamakonsu wuri ɗaya, sannan aka fara gane abin da ke tsakanin mutanen Sahel da ƙasarsu.

Zargin ya samo tushe tun zamanin Turawa. A 1934 wani Baturen Ingila, E. P. Stebbing, wanda ya yi aikin gandun daji a Indiya kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Edinbara, ya zagaya arewacin Nijeriya ya leƙa ƙasar Nijar. Da rani ya zo. Ya tarar da gonaki fayau, iska na ɗibar ƙura, sai ya rubuta a 1935 cewa Sahara na tahowa da kimanin kilomita ɗaya a shekara, kuma noma da kiwo da ƙunar daji ne ke share mata hanya. Hankalin hukumomi ya tashi, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar ƙasashen biyu daga 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga alamar hamada na matsowa ba, tuddan rairayin da ya gani ma galibinsu tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa sun riƙe su. Rahoton ya sha ƙura a ofis, maganar Stebbing kuwa ta ci gaba da yawo, don ta yi wa masu mulki daɗi. In dai talaka ne ke ɓata ƙasa, hukuma ta sami hujjar karɓe daji daga hannunsa. A ƙasashen da Faransa ta mulka, dokar gandun daji ta 1935 ta sa itatuwa masu daraja a ƙarƙashin ikon gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro.

Sai fari ya zo daga 1968 zuwa 1973, ya sake dawowa a 1983 da 1984. Dabbobi suka mutu garke-garke, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka bar garuruwansu. Duniya ta nemi bayani da gaggawa, kowane masani kuma ya ba da nasa daga inda yake zaune. Jule Charney, masanin yanayi a Amurka, ya kawo hasashe a 1975 cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari tas, takan mayar da hasken rana sama, iskar da ke bisanta ta sauko maimakon ta hau, hadari ya kasa haɗuwa. Wato makiyayi da kansa ya kori ruwan sama. A wannan shekarar dai wani masanin halittu, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da jirgi a arewacin Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17. Kafin su, tun 1968, Garrett Hardin ya riga ya yaɗa ra'ayin cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa. Da aka haɗa ukun nan sai labari ya tashi da kai da ƙafa. Da shi aka shiga taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, da shi kuma aka zuba kuɗi wajen dasa darbejiya da turare, waɗanda da yawansu suka bushe da zarar masu aikin sun naɗe kayansu.

Mutanen nan ba jahilai ba ne, kowannensu gwani ne a fanninsa. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya leƙa ta katanga ya tambayi maƙwabci. Lamprey ya gwada shekarar da ta biyo bayan mummunan fari da taswirar da aka zana a shekarun da ruwa ya wadata. Masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin sun bi sawunsa da hotunan sama na shekaru daban-daban, suka kuma taka da ƙafa, ba su sami matsowar da ya faɗa ba. A 1991 Compton Tucker da abokan aikinsa a hukumar NASA suka fitar da awon tauraron ɗan Adam na shekara goma: daga 1980 zuwa 1984 bakin hamada ya yi kudu da kimanin kilomita 240, da ruwa ya samu a 1985 sai ya koma arewa da kusan 110 a shekara ɗaya. Ashe bakin Sahara kamar bakin kogi yake, yana gaba yana baya gwargwadon ruwan shekara.

To me ya hana ruwan? Amsar ta fito daga wurin da manomin Gumel ko na Tasawa bai taɓa gani ba, wato teku. Tun 1986 masana a hukumar yanayi ta Ingila suka lura cewa daminar Sahel na tafiya da bambancin ɗumin ruwan teku tsakanin arewa da kudancin duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta ɗumin tekuna kawai na 1930 zuwa 2000, ba su saka mata kiwo ko sassabe ba, amma ta fitar da shekarun ruwa na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980 kusan yadda suka auku. Wasu binciken da suka biyo baya sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atilantika, abin da ya sa damina ta noƙe kudu. Tsiraicin ƙasa na iya ƙara wa fari tsanani, wannan ba a musa ba. Amma ba akuyar Bafillatani ce ta kunna shi ba.

Masana tarihi da tattalin arziki kuma suka zo da wata tambayar da masu awon ruwa ba su yi ba: in ruwa ya yi ƙaranci, wa ke mutuwa, kuma don me? Fari daban, yunwa daban. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya bi takardun Turawa da bakin dattawa ya tono tarihin yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. A littafinsa na 1983 ya nuna cewa harajin da aka tilasta biya da tsabar kuɗi, da noman gyaɗa da ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sun raunana garkuwar da mutane ke da ita a da, irin su rumbun tsimi, da gandun gida, da taimakon da ke wajaba a kan mai hali da sarauta. Kafin shi, Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta nuna cewa manoman ƙauye ɗaya ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ke sayar da hatsinsa da kaka don biyan bashi, ya dawo yana sayensa da tsada da bazara, damina kuma ta same shi yana ƙwadago a gonar wani tasa ciyawa na ci. Tauraron ɗan Adam ba ya ganin wannan mutumin, ma'aunin ruwa ma bai san da shi ba, amma shi yunwa ke fara kayarwa.

Aikin da ya fi girgiza tsohon labarin a ƙasar Kano aka yi shi. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bin karkarar da ta kewaye birnin. Bisa lissafin masu zargi, nan ya kamata a ce ƙasa ta fara mutuwa: jama'a ta yi cunkoso, a wasu wuraren fiye da mutum 200 a murabba'in kilomita, babu saura, gona ɗaya ake nomawa kowace shekara tun kaka da kakanni. Abin da ya tarar daban ne. Jaki ya shiga birni da asuba ɗauke da itace, ya fito da mangala cike da taki da toka. Kafin ruwan shuka an jera takin tsibi-tsibi a gona. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna haɗe a kunya ɗaya. Da kaka a ɗaure harawa a ɗora kan reshe ko kan soro, tumaki da awaki su ci a turke, kashinsu ya koma gonar da harawar ta fito. Ɗorawa da kuka da tsamiya na tsaye cikin gonakin, kowace da mai ita, kuma ba a sare ta daga tushe sai dai a sassauta mata rassa. Da masu awon ƙasa suka gwada sinadaranta a ƙauyuka irin su Tumbau, da masu ƙirgar itatuwa suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai sakamakon ya zo daidai da abin da idonsa ya gani: ƙasar ba ta da ƙarfi sosai, amma ba rugujewa take ba, itatuwan gona kuma ba su ƙare ba duk da yawan masu girki a birni.

Ba Kano kaɗai ba ce. A gundumar Machakos ta Kenya, wadda Turawa suka yanke wa ƙauna a shekarun 1930 saboda zaizaya, Mary Tiffen da Mortimore da Francis Gichuki sun nuna a 1994 cewa jama'a ta ninka sau biyar amma zaizayar ta ragu, domin hannaye sun yi yawa, kasuwar Nairobi na kusa, gyaran gangare ya zama abin da ke biya. A Kissidugu ta ƙasar Gini, James Fairhead da Melissa Leach sun gano cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyuka, wanda hukuma ta ɗauka ragowar wani babban daji ne da mutane suka cinye, mutanen ne suka raine shi da hannunsu.

Mu dawo kan dokar nan ta Faransa, don a Maraɗi aka ga abin da ta haifar. Manomin da ya san in itace ya girma a gonarsa ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara ranar da ya taɓa shi, me zai sa ya bar shi ya girma? Kowace bazara sai ya sassabe gonar ƙal, malaman gona ma haka suke koya masa. Claude Raynaut da tawagarsa daga Jami'ar Bordo, waɗanda suka haɗa masu nazarin al'umma da masana noma da na labarin ƙasa, sun yi shekaru suna nazarin wannan yanki a lokacin da ya fi tsiraicewa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashi. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya tsuguna gaban kututturen sabara ko kalgo da ya yi toho ashirin, ya zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa, ya datse sauran da lauje ko gatari, ya share ƙananan rassa har zuwa rabin tsawon waɗanda ya bari. Tun da saiwar tsohuwa ce, cikin 'yan shekaru sai ga itace ya fi mutum tsawo, ba ban ruwa, ba kuɗin reno. Mutanen yankin suna kiran abin sassaben zamani.

Masanin itatuwa zai ce saiwa ce ta yi aikin, amma saiwar ai tana nan tun da can. Abin da ya sauya shi ne mallaka. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙarfin gwamnatin Nijar a karkara ya ragu, dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka sassauta, manomi ya fara jin cewa itacen gonarsa nasa ne. Da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan 1975 da na bayan 2000, suka kuma zagaya ƙauyukan, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A ƙasar Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ne ya cika gonaki. Shi gawo halinsa daban: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Manomi ya san wannan tun kafin a ba shi suna a littafi. Don a ga girman abin, sai a tuna da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Wani rahoto na 2020 ya ce abin da aka gyara bai wuce hekta miliyan 4 ba cikin miliyan 100 da aka ɗauki alkawari.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma wasu masu sha'awar sabon labarin sun faɗa ciki, suna magana kamar babu wata matsala. Akwai. Wanda ya je Yusufari a Yobe ya ga rairayi ya binne dabino ba zai yarda a ce masa ƙarya ce ba. Wani bincike na Jami'ar Maryland a 2018, wanda ya yi awo da ruwan sama, ya ce Sahara ta faɗaɗa da kusan kashi 10 cikin ɗari tun 1920. Martin Brandt da abokan aikinsa na Jami'ar Kofanhagan, waɗanda a 2020 suka ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel inda ake zaton babu komai, su ne kuma suka nuna cewa noma na ƙara itatuwa a busasshen yanki amma yana rage su a dazuzzukan kudu, inda masu gawayi suka fi ɓarna. Koren da tauraro ke gani ma bai san bambancin ɗorawa da tumfafiya ba, sai an tambayi matar da ke daka kalwa sannan a ji wane iri ne ya ɓace. Watts da Mortimore kansu ba su taɓa zama a matsaya ɗaya ba, ɗaya na ganin yadda kasuwa da mulki suka karya talaka, ɗaya na ganin yadda talakan ke dabara ya tsaya da ƙafarsa. A ganina kowannensu ya amsa tambayar da ya yi daidai. Ƙasar ba ta mutu ba, amma mai ita bai yi arziki ba, kuma gonar da ake rabawa gado bayan gado tana da iyakar abin da za ta ɗauka.

Makiyayi ne ya fi kowa cutuwa da tsohon labarin, shi ne kuma sabon bai gama wankewa ba. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa al'ummomi da yawa na da ƙa'idojin da suke tafiyar da dukiyar tarayya ba tare da ta lalace ba, masu nazarin makiyaya a Turkana ta Kenya kuma suka nuna cewa a busasshiyar ƙasa ruwan shekara ne ya fi yanke hukunci kan ciyawa, ba yawan dabbobi ba, don haka yawon kiwo dabara ce, ba wauta ba. Amma idan kowane itace ya sami mai shi, kowace burtali ta zama gona, ina makiyayi zai bi? A Ɗan Saga ta jihar Maraɗi sai da aka sa mata da makiyaya cikin kwamitin kula da itatuwa kafin tsarin ya zauna. Wannan ba aikin masanin tsirrai ba ne, aikin wanda ya san doka da sulhu ne.

Haɗa fannoni ba shi ne tara farfesoshi a zaure ɗaya a ci abinci a watse ba. Wahalarsa ita ce kowa da ma'auninsa: masanin yanayi na magana da shekara ɗari da faɗin nahiya, mai nazarin al'umma na magana da gida ɗaya da damina ɗaya, kuma sai an daɗe tare a fili kafin ɗaya ya yarda lissafin ɗayan hujja ne. Da yawa daga binciken da ya sauya fahimtarmu a nan na dogon zama ne, shekara goma ko ashirin ana komawa ƙauye ɗaya. Irinsa ya yi ƙaranci yanzu. Masu ba da kuɗi na son sakamako cikin shekara uku, rashin tsaro ya rufe karkara da yawa, ƙarin girma a jami'a kuma ya fi sauƙi ga wanda ya tsaya a sashensa. Mai karatu ya kuma lura cewa sunayen da na jero galibinsu na baƙi ne, alhali a gonakinmu aka yi aikin, da Hausa aka yi tambayoyin.

Wuraren da za a ɗora akwai su: Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, cibiyar AGRHYMET a Yamai, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Ina kira ga shugabanninsu da su riƙa tura ɗalibin tarihi da na kimiyyar ƙasa da na shari'a ƙauye ɗaya, su rubuta rahoto ɗaya, a kuma mayar da shi Hausa a karanta wa mutanen da aka yi wa tambayoyin. Gwamnatocin jihohin arewa kuwa, kafin su sake sayen tsirrai miliyan, su fara rubuta wa manomi a doka cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, sannan su aika ma'aikatansu su ga yadda maƙwabta suka yi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba.